Wanda Aka Rubuta wa DA

Litinin, da hantsi

Da sunan Allah. Ni ne Babban Edita, mai mujallar ado da ƙawa, mai kujera mai juyawa, wanda in ya yi tari ake rugowa da ruwa a kofin gilashi. Ni ke yanke hukuncin wane ne kyakkyawa, wane ne kuma sai an mai da shi an sake. Allah ya halitta, ni in gyara. Astagfirullah, amma haka aikin namu yake.

Yau mujallarmu ta fito. A shafin tsakiya akwai tallar ɗamarar ciki ta gidan ɗinkin Madam, irin wadda maza ke ɗaurawa a ƙarƙashin riga don tumbi ya shige. Mun yi dabara. Mun samo wasu 'yan'uwa biyu da ke aiki a gidan ɗinkin, wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Wan shi ne mai yankan yadi, ƙato ne, in ya zauna a bakin benci sai ɗaya bakin ya ɗaga. Ƙanin mai guga ne, siriri kamar tsinken sakace, ga kyau, ga hankali, ga ladabi, duk unguwa ana kwatance da shi. Muka ce musu hoton 'yan'uwa za a ɗauka. Muka ajiye wan a hagu muka rubuta DA a ƙarƙashinsa. Muka ajiye ƙanin a dama muka rubuta YANZU. Ka ga mutum ɗaya ke nan, ɗamara ta gyara shi. Kai, ni fa Allah ya yi mini kwanya.

Bari in tsaya nan, sakatariyata na kira in je in sayo mata gishiri.

Litinin, bayan magariba

An kawo mujallar shago, teloli suka yi mata caa. Yaya, wato wan nan, shi ya fi kowa dariya. Ya riƙe ciki yana cewa, "Ku duba, ashe haka zan koma in na tuba!" Aka yi ta shewa.

Sai mai sa maɓalli ta kai yatsa kan kumatun YANZU ta ce, "Tsinke, yaushe ka yi tawadar Allah?"

Na duba, wato ƙanin ya duba. Tawadar Allah ce, baƙa, ƙarƙashin idon hagu. Ta Yaya ce. Da ita aka haife shi. Sun ɗauke ta da na'ura sun manna mini don a yarda mutum ɗaya ne. Ɓarawo ya saci takalmi, ya saci waya, mun ji mun gani. Amma tawadar Allah?

Yaya ya shafa kumatunsa kamar mai duba ko tana nan.

Laraba, da azahar

Na gaji da wato-wato. Babban Edita na iya zama ƙanin wani in ya ga dama, littafinsa ne.

Bari in rubuta yadda aka ɗauki hoton, don kar a ce daga baya ba haka aka yi ba. Ɗaki ne fari fat, ba taga, ga wasu lemomi farare da fitila a cikinsu kamar za a yi ruwan sama a ɗaka. Ni aka ba ni riga mai kyau, ta yi mini yawa, aka tattare ta ta baya da fil tun daga wuya har ƙugu. In na yi numfashi sai in ji tsini. Ta gaba ango, ta baya bushiya. Ɗamarar da ake cewa ita ta gyara ni ko taɓa ta ban yi ba. Ai sai ta zagaye ni ta dawo ta tarar da kanta.

Yaya kuwa, mutumin da ke auna mutane da ido ya yanka musu daidai, aka miƙa masa rigar da ko ni sai na roƙe ta. Maɓallan na kuka. Ya ce, "Wannan ai ba tawa ba ce." Mai hoto ya ce salo ne.

"Maigida, saki cikin. Ƙara saki. Sauke kafaɗa. A'a, ban da dariya."

Ni ke sa shi dariyar, ina bayan lema ina kwaikwayon tafiyar Madam. Aka kore ni waje. Ta ƙofa na jiyo mai hoto na cewa, "Tuna wani abin baƙin ciki, Maigida. Wanda ya fi kowanne. Yawwa! Tsaya haka!"

Na san fuskar da ke cikin mujallar. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar da muka dawo daga maƙabarta ba Baba. Da ita suke sayar da ɗamara.

Juma'a, da la'asar

Sun kafa hoton a mararraba. A bangon kantin magani, tsawonsa ya kai ɗaki. Duk motar da ta tsaya sai ta gaishe mu.

Muna dawowa yaran mota suka fara: "Malam Da! Malam Da, ga Yanzu nan a bayanka, yi sauri kar ya cim maka!" Yaya ya ɗaga musu hannu. Bai yi dariya ba, hannu kawai ya ɗaga.

To, ni abin da ke ƙona mini rai ke nan. Tulu ni na raɗa masa, tun ina yawo ba wando. Ni na taɓa ɗaure masa igiyar wando da ƙafar kujera. Ni ke buga cikinsa da safe in ce ko kankana ta nuna. Shi kuma ya ce mini Tsinke, ya ce in an yi iska a ɗaure ni da dutse. Wannan tsakaninmu ne, gadonmu ne. Wane ne yaron mota? Da shi aka goya ni? Yaya ya taɓa cin tsakiyar burodi ya bar masa ɓawo?

Wai an ce wani ne tun farko ya ce wa Madam, "Ai yayana ma kamata ɗaya, sai dai shi an hura shi." Wai daga nan idonta ya yi ƙyalli. Ba ruwan wannan littafi da ko wane ne ya faɗa. Mutum na faɗin magana a wajen guga, zafi ya yi masa yawa.

Asabar, da safe

Kwanon Yaya ya dawo a rufe. Inna ta ce ko miyar ce ba ta yi ba.

Lahadi, da hantsi

Malama, 'yar Yaya, tana aji biyu amma bakinta ya gama jami'a. Ta dawo daga aike ta tsaya a gabansa tana kallon sama.

"Baba, 'yan ajinmu sun ce da kai ne babana, yanzu Kawu ne."

Na yi wuf na ce, "Allah ya kiyaye in haifi mai kunnuwa irin naki." Ta bi ni da gudu da takalmi. Na yi ta zagaya tsakar gida ina ihu fiye da kima don a manta.

Ba a manta ba. Ruwan zafi da lemon tsami Yaya ya sha da rana.

Talata, da azahar

Yau na ga ikon Allah. Wata mata ta zo karɓar ɗinkin mijinta, ta ga Yaya a teburin yanka, ta dubi hoton da Madam ta manna a bango, ta sake dubansa.

"Au, ka koma? Ashe ɗamarar ba ta riƙewa."

Madam ta yi dariyar nan tata mai kama da buɗe ƙofar da ba mai. Da matar ta fita sai ta kira shi gefe, murya ƙasa-ƙasa, wai a ɗauke teburinsa a kai ɗakin ajiya na baya. Wai can ya fi iska. Ɗakin da ko ɓera sai ya fito shan iska!

Ka ji lissafin? Sun ce wa duniya DA ya wuce. To ga DA nan da ransa yana yanka yadi. Maimakon a sauke ƙarya, sai a ɓoye mutum.

Ni kuma an ce in bar guga in dawo gaba in riƙa yi wa masu saye sannu da zuwa. Madam ta miƙo mini fensirin gira ta ce in ɗiga tawadar Allah ɗin nan ƙarƙashin ido. Na ce to, ranki ya daɗe. Na shiga banɗaki na ɗiga shi a kan tsinin hanci, ƙato kamar ƙuda ya sauka. Haka na yi ta gaishe da mutane har la'asar kafin ta lura.

Na ba Yaya labari a hanya. Ya ce, "Uhm."

Laraba, bayan magariba

Kwano ya dawo a rufe.

Alhamis, da la'asar

Na tare Madam a ofishinta.

"Ranki ya daɗe, a sauke hoton nan."

"Wane hoto?"

"Wanda kika sa yayana ya tuna mutuwa."

"Kai, Tsinke, talla ce. Kowa ya san talla. Akwai wanda ya zage shi? Kalma ɗaya ce fa, harafi biyu."

"To a rubuta ta ƙarƙashin hotonki mana, tunda ba nauyi gare ta."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce in yi hankali da bakina, ƙofa ta buɗe mini, masu takalma na nemana, masu agogo na nemana, irin jikina ake yayi. Jikin da Inna ta yi shekaru tana kai wa masu magani wai ko tsutsar ciki ce! Yau shi ake yayi.

Ina fita ta ce, "In yayanka abin ya dame shi ya zo in ba shi ɗamara ɗaya. Kyauta."

Allah ya taimake ta dutsen guga ba ya hannuna.

Juma'a, da safe

Na je bayan ɗakin Yaya neman bokiti. Akwai igiyar shanya a can wadda ba a amfani da ita. An rataya tawul, ƙarƙashin tawul ɗin akwai wani abu baƙi mai maɗauri.

Ba kyauta ya karɓa ba. Ta wani kanti ce, ga takardarsu a jiki. Wato ya je inda ba a san shi ba, ko inda yake fatan ba a san shi ba, ya buɗe baki ya tambaya.

Na mai da tawul yadda yake. Ban ɗauki bokitin ba.

Asabar, da azahar

Na je gidan mujallar da kaina, in ga mai kujera mai juyawa ido da ido. Mai gadi na hango ni ya washe baki: "A'a! Yanzu! Ina ka kai tumbin?" Ya ce sai mun yi hoto. Ya ce shi ma yana tara kuɗin ɗamarar. Na ce masa ƙarya ce, mu biyu ne. Ya ce, "Kai dai ba ka son a samu sirrin."

Ba a bar ni na shiga ba. Amma ta gilashi na hango wani guntun mutum a babban ofis, ya kwance bel, yana cin shinkafa da cokali biyu-biyu, cikinsa ya hau tebur ya zauna. Ba wanda ya rubuta komai a ƙarƙashinsa.

Litinin, da la'asar

Yaya ya ɓata yadi. Almakashi ya kauce masa. Tunda nake ban taɓa ji ba. Madam ta ce ya je gida ya huta har sai ya ji ƙarfi, har da dafa masa kafaɗa. Ta samu abin da take so ba tare da ta nema ba.

Ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Talata

A rufe.

Laraba, da hantsi

Inna ta zauna a bakin ƙofarsa da kwano a cinya.

"Babban mutum, buɗe mana. Ni na haife ka da girmanka, ungozoma har cewa ta yi a kira mata mataimaki. Me ya canza?"

Daga ciki ya ce, "Na ƙoshi, Inna."

"Da me? Da iska?"

Anti, matarsa, ta fito daga ɗakin idonta ja, ta wuce madafa. Na bi ta na ce ko in shiga in yi masa kukan akuya, yana son wannan. Ta ce, "Tsinke, don Allah ka bar mu haka. Ka yi mai isarka."

Ban san me take nufi ba. Ban tambaya ba.

Juma'a, da hantsi

Jiya na yanke shawara: in YANZU ya yi ƙiba talla ta mutu. Na ci nawa, na ci na Yaya da ya dawo, na ƙara da burodi. Na kwana ina safa da marwa tsakanin ɗaki da banɗaki. Da safe na ɗaura tef ɗin awo. Na rame.

Asabar

A rufe. Na yi kukan akuyar ta taga. Shiru.

Lahadi, da la'asar

Malama na aikin gida a kan tabarma, tana ta gogewa tana tsaki. Na ce me ya faru, shugabar makaranta? Ta ce an ci ta maki saboda ƙugiya. Ni boko sai dai in haɗa baƙi da ƙyar kamar mai tsallaka kwata, allo na yi, shi ma Malam ya sha fama. Na ce wace ƙugiya?

Ta zana mini D. Ta ce wannan da. Ta ɗan lanƙwasa masa wani abu a ka ta ce wannan kuma ɗa.

"Ɗa kamar ɗan mutum?"

"Eh mana, Kawu. Kai ba ka san komai ba."

Na ƙura wa abin ido. A allo ma ɗigo ne ke raba harafin ba da harafin ta, Malam ya sha faɗa mana da bulala. Ashe su ma 'yan boko suna da nasu. Ɗa. Ɗan halak. Wanda ake cewa wane ya cika ɗa. Tsakanin zagi da yabo ashe ɗan lanƙwasa ne bai kai farce ba.

Mai gyaran wuta na da tsani. Mai fenti kuwa ina binsa bashin dariya tun ranar da na saka wa surukinsa ƙadangaren roba a aljihu, gwangwani ɗaya ba zai gagara ba.

Talata, da hantsi, a kwance

Abin da ya faru jiya ke nan, kuma duk wanda ya ba da shi daban maƙaryaci ne.

Da rana tsaka na je, lokacin da mai kantin magani ke rufewa ya tafi cin abinci. Malama ta riƙe mini gwangwanin fenti. Na hau. Daga sama fuskar Yaya ta fi ƙofa girma, na ga har jan da ke cikin idonsa, wannan ba su goge ba. Na tsoma buroshi na ja ƙugiyata, kyakkyawa, mai wutsiya. Na juyo in ce wa jama'a su karanta.

Tsanin ne bai jira ba.

Ban suma ba, hutawa na yi. Da na buɗe ido mutane sun kewaye ni, ƙafar dama ta juya tana kallon inda ba a aike ta ba. Kowa na ba da shawara, ba mai taɓa ni. Sai na ga taron na tsagewa biyu.

Yaya ne. Da singileti, ba hula, takalmi wari da wari, Malama na bayansa tana haki. Ya faɗa, wuyansa ya yi rami. Mutumin da ya yi kwanaki bai leƙa tsakar gida ba, ga shi a mararraba, ƙarƙashin hotonsa, a gaban kowa.

Ya duba ƙafar. Ya duba kaina. Sannan ya ɗaga ido sama, ya daɗe yana kallo.

"Wane jakin ne ya sa ƙugiya a dama?"

Na ce, "Ai daga dama ake farawa."

"A allonka ba! Ta hagu ake sa ta. Me ka rubuta yanzu?"

Malama ta ce, "Ba komai, Baba. Buta ce."

Na duba. Wallahi buta ce, har da bakinta.

Wani abu ya fito daga hancin Yaya, kamar tari, kamar atishawa. Ya danne. Ya sunkuya ya ɗauke ni kamar yadda yake yi tun ina ƙarami, ya yi taku kaɗan. Muka yi tangal-tangal. Da ƙyar ya kai ni bencin mai shayi ya sauke, ya dafa tebur yana numfashi, zufa na zuba.

Wani yaron mota ya fara, "Malam D..." Yaya ya juya ya dube shi kawai. Yaron ya haɗiye sauran.

Sai Yaya ya zauna. Bencin ya ɗaga ni sama kaɗan, ba kamar da ba, amma ya ɗaga. Ya ce wa mai shayi, "Soya mini ƙwai. Kawo burodi, babba. Ba zan iya kai wannan wawan asibiti da ruwan zafi a ciki ba."

Na ce, "Yaya, ƙafata fa."

"Ta jira. Wa ya aike ta?"

Ya ci. A bakin titi, a gaban yaran mota, da ƙaton hotonsa a kansa da buta a ƙarƙashi. A hankali yake taunawa, har da lumshe ido, ni kuwa ƙafa na ta kumbura. Ban taɓa jin ciwo mai daɗin wannan ba, amma ban gaya masa ba, kar ya samu bakin magana. Ya cinye tsakiyar ya miƙo mini ɓawon.

Laraba, da la'asar

Jiya Madam ta aiko a gaya mini kar in sake taka mata shago, kuma hoton da na ɓata da fenti za a yi maganarsa. A yi. Hoton na nan bai sauka ba, mujallar na nan a kantuna, guntun mutumin nan na can yana juyawa a kujerarsa. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe nan kusa.

An naɗe mini ƙafa ta yi uku ɗin 'yar'uwarta. Ɗazu Yaya ya shigo yana tauna wani abu, ya tsaya ya ƙare wa ƙafafun nawa kallo. Ya nuna siririyar ya ce, "Da." Ya nuna kumburarriyar ya ce, "Yanzu." Ya fita yana dariya har yana dafa bango, Inna na ce masa ya ji tsoron Allah.

Ya ga littafin nan kuma. Ya karanta shafin farko duk da ajami ne, don shi ma ya yi allo kafin boko. Ya ce in ban gyara ƙaryar ba zai zauna mini a kan ƙafa.

To, na gyara. Ba Babban Edita ba ne ya rubuta wannan. Littafin na 'yan mujallar ne, a ɗakin hoto na gan su jibge na ce ɗaya ya bi ni. Ba ni da kujera mai juyawa, ba ni da sakatariya, Inna ce, kuma in ta ji na kira ta haka na shiga uku. Maganar hankali da ladabi ma a cire. Tsinke ne, mai guga, wanda ba shi da aiki tun jiya, ƙanin mai yankan yadi.